Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne: Ma'anar "Touch And Go"

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin da ka saba ba ni. Na yi niyya wannan mako in ci gaba da maganar rubuta takardar neman aiki wadda muka faro, amma sai ga wata tambaya ta iso mini. Da na karanta ta na ga ba ta jira, domin akwai maganar rai a cikinta.

Mai tambayan nan wani akawu ne a Ƙauran Namoda. Ga abin da ya ce a taƙaice. Ya yi shirin zuwa Shinkafi ran Alhamis, ranar kasuwa, don ya gai da surukansa. Sai ya tambayi wani abokin aikinsa, mutumin Kudu wanda ya saba bin hanyan nan, ya ce masa yaya hanya ta ke kwanakin nan? Abokin ya amsa da Turanci, ya ce, "My friend, it is touch and go." Shi kuwa akawu ya san "touch", watau taɓa, ya kuma san "go", watau tafi. Sai ya gama su a ransa, ya ɗauka ana nufin hanya ta yi kyau, mota ba ta ko tsayawa, da ka taɓa ta ka isa. Ya kwashi matarsa da 'ya'yansa biyu suka shiga mota. Allah ya kiyaye, sun sauka lafiya. Amma a hanya ya ga direba ya tsaya a wani ƙauye ya yi kusan sa'a guda yana jiran motocin da ke fitowa daga gaba don ya ji labari, cikin mota kuwa ba mai cewa uffan, sai jan carbi. Da ya komo ya ce wa abokin, "Ashe haka hanya ta ke, ka ce mini lafiya lau?" Abokin ya riƙe baki, ya ce shi gargaɗi ya yi masa. Gardama ta ƙi ƙarewa, shi ne akawu ya rubuto wai in raba su.

To, Malam akawu, abokinka ya fi ka gaskiya. Kowa a ƙasan nan ya san halin da 'yan bindiga suka sa matafiya a ciki tsakanin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, har cikin shekarar 2021 hukuma ta tsai da kasuwannin mako a Jihar Zamfara, aka kuma yanke layukan waya. Abin da abokinka ya ce maka shi ne, hanyan nan a iya wucewa lafiya, a iya kuma gamuwa da tsautsayi, ba mai iya ba ka tabbas. Amma kada ka ji kunya. Ramin da ka faɗa, ni na riga ka faɗawa cikinsa kusan shekara 30 da suka wuce, zan kuwa ba da labarin in mun yi nisa. Bari tukuna mu warware maganar.

Ana furta ta kamar a ce "tac an go". Bature ya kan faɗe ta sa'ad da al'amari ya kai wani matsayi wanda ba a san inda zai faɗi ba, ko a tsira ko a yi hasara, hasarar kuwa tana kusa ƙwarai. Abu biyu ke nan sai sun taru: hatsari da rashin tabbas. In an riga an san ƙarshen abu, ba a faɗinta. Majinyacin da likita ya fid da rai gare shi, halinsa ya wuce "touch and go". Haka kuma in ba abin da za a rasa, ba a faɗinta. Ba kuma lalle sai a maganar rai da mutuwa ba. A kan faɗe ta ga ɗalibin da jarrabawarsa ta tsaya a kan iyaka, ko manomin da ya yi shuka ruwa ya ɗauke masa, geronsa ya fara lanƙwasa kai, ko matafiyin da bai sani ba ko ya tarad da jirgi a tasha ko ya tarar ya tashi.

Abin da zai ɗan sanyaya maka rai, Malam akawu, shi ne fassaran nan taka ba daga sama ta faɗo ba. Ma'anar farko ta maganan nan ta yi kusa da abin da ka zata. Cikin shekarar 1549 wani babban limamin Kirista na Ingila, sunansa Hugh Latimer, ya yi wa'azi gaban Sarki Edward na 6, ya yi amfani da ita da nufin zai ɗan taɓa ko wane batu ya wuce, ba zai daɗe a kansa ba. Da a zamanin nan ka ke, da ka ci gardama. Amma harshe kamar gulbi ya ke, ya kan bar tsohuwar hanyarsa ya fasa wata. Tun wajen farkon ƙarni na 19 maganar ta koma nufin hatsari, ma'anan nan ce kuwa ta rinjaya har yau.

Masana harshen Ingilishi sun fi danganta wannan juyi ga ma'aikatan jiragen ruwa. Wani shugaban mayaƙan ruwa na Ingila, W. H. Smyth, ya tattara kalmomin matuƙa cikin wani ƙamus mai suna The Sailor's Word-Book, wanda aka buga cikin 1867. A ciki ya bayyana cewa matuƙa su kan faɗi haka in gindin jirgi ya gogi ƙasa a wurin da ruwa ba zurfi, amma bai kafe ba, ya ci gaba da tafiya, haka kuma in jirgi ya kauce wa dutse da ƙyar. Waɗansu kuma sun ce daga masu tuƙa keken doki ta fito, sa'ad da ƙafar wani keke ta gogi ta wani a ƙuntatacciyar hanya, kowa ya wuce ba wanda ya kife. Ko wanne aka ɗauka, hoton ɗaya ne.

Mu nan ba mu da teku, amma duk wanda ya taɓa ƙetare Gagare ko Bunsuru a kwale-kwale da damina ya san abin da a ke nufi. Kuna tsakiyar ruwa, jirgi cike da mutane da buhuna, sai ku ji gindinsa ya gogi yashi, ƙurrr. Nan take hira ta kan mutu. Mai fito ya kafa gorarsa ya tura da iyakar ƙarfinsa. Ɗan lokacin nan da ba ku sani ba ko jirgi zai zame ya wuce, ko zai kafe igiyar ruwa ta juya shi, shi ne "touch and go". Ya taɓa, saura a ga ko zai tafi.

Don a ƙara fahimta, ga jiragen da suka taɓa ba su tafi ba. Cikin 1857 wani jirgin Turawa mai suna Dayspring yana hawan Kwara, a cikinsa akwai Likita Baikie da Samuel Ajayi Crowther, sai ya daki dutse kusa da Jebba ya fashe. Mutanen sun tsira da ransu, amma sun yi kusan shekara guda a bakin kogi kafin wani jirgi ya zo musu. A zamaninmu kuma, cikin watan Maris na 2021, wani ƙaton jirgin kaya mai suna Ever Given, tsawonsa mita 400, ya kafe a mashigin Suwez na ƙasar Masar, ya toshe hanya kwana 6, jiragen duniya suka yi cirko-cirko suna jira. Waɗannan su ne ƙarshen da matuƙi ke tsoro duk sa'ad da ya ji gindin jirginsa ya gogi ƙasa.

Akwai wata ma'ana kuma ta masu jirgin sama, ya kamata a san ta don kada a rikice. In ana koya wa ɗalibi sauka, a kan sa shi ya sauko har ƙafafun jirgi su taɓa fili, sa'an nan ya sake ba shi wuta ya tashi ba tare da ya tsaya ba, ya kewayo ya sake. Sunan wannan horo "touch and go". Wanda ya zauna kusa da makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1964, ya sha ganin ƙananan jirage suna yin haka. A bakin waɗannan kaɗai ne maganar ke nufin taɓawa da tafiya a zahiri.

Yanzu ga yadda a ke sa ta cikin zance. Yawanci kalmar "it" ce ke shige mata gaba. In aka ce "It is touch and go," ana cikin halin ke nan, ba a san ƙarshe ba tukuna. In majinyaci a ke nufi, Hausarta ita ce rai kwakwai mutu kwakwai, ko kuwa a ce rai a hannun Allah. In wani al'amari ne dabam, sai a ce abin yana ƙila-wa-ƙala. In kuwa aka ce "It was touch and go," to, an wuce wurin, galibi kuma mai faɗin haka yana nufin an tsira. Hausarta ita ce an sha da ƙyar, ko an tsallake rijiya da baya. Ku duba fa, tsakanin "is" da "was" akwai tazarar da ke tsakanin addu'a da godiya. Tafintan da ya musanya su ya sa mutane kuka ranar murna, ko murna ranar kuka.

A kan kuma biyo ta da "whether", watau ko. Misali, "It was touch and go whether we would reach Gusau before dark." Ma'ana, saura ƙiris dare ya yi mana kafin mu isa Gusau. In ta zo gaban suna tana siffanta shi, a kan haɗa kalmomin uku da 'yan gajerun layuka, kamar "a touch-and-go affair", watau al'amari marar tabbas. Ba a juya ta yadda a ke juya aikatau. Na taɓa ganin wani yaro ya rubuta "it touched and went" cikin jarrabawa, yana tsammani ya gyara nahawu. Dunƙulalliya ce, yadda ta zo haka a ke ɗaukarta, kamar yadda ba mai cewa "an tsallaki rijiyoyi da bayansu" don mutanen suna da yawa. Sa'an nan magana ce ta baki da ta jarida. Akawu mai rubuta rahoto zuwa ga na gaba da shi, gara ya faɗi abin da ya faru filla-filla, ya bar karin magana.

Ga misali daga tarihin ƙasarmu, don malaman makaranta su sami abin ba yara. Bayan yaƙin Tsuntsuwa cikin 1804, inda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi hasarar mutane masu yawa, da yaƙin Alwasa cikin 1805, inda abokan gaba suka biyo su har Gwandu, Bature mai rubuta tarihi zai ce al'amarin jama'a a lokacin nan "was touch and go". Ba wanda ya isa ya ce ga yadda za ta ƙare. Sai aka kore su daga Gwandu, sa'an nan cikin 1806 Namoda ya ci nasara a Fafara kusa da Zurmi, cikin 1808 kuma aka ci Alƙalawa. Mu da muka zo daga baya mun san ƙarshen labari, shi ya sa mu ke karanta shi hankali kwance. Waɗanda ke cikin Gwandu a kwanakin nan ba su san shi ba.

Akwai waɗansu maganganun Turanci da ke kama da wannan, ɗalibai su kan cuɗe su. Ta ɗaya ita ce "skating on thin ice". A ƙasashen sanyi tafki ya kan daskare ya zama ƙanƙara, mutane su ɗaura takalma masu kaifin ƙarfe su riƙa sulɓi a kai. Inda ƙanƙarar ba ta yi kauri ba sai ta fashe, mutum ya nutse. Wanda aka ce yana haka, shi ya kai kansa, watau ganganci ya ke yi, kamar akawun da ke zuwa ofis a makare kullum bayan an yi masa kashedi sau biyu. "Touch and go" kuwa ba ta ɗora wa kowa laifi. Ta biyu ita ce "between the devil and the deep blue sea", wadda ta yi daidai da namu gaba kura baya sayaki. A nan zaɓi ne tsakanin mugun abu biyu, ko wanne ka ɗauka ka sha wuya. Ta uku ita ce "hanging by a thread", watau rataye da zare ɗaya. A kan danganta ta ga labarin da Cicero, masanin Rum, ya bayar na wani bafade mai suna Damocles, wanda ya yi ta yabon daɗin sarauta, sai Sarki Dionysius na birnin Sirakus ya zaunad da shi a gadonsa, aka kawo masa abinci iri iri, amma aka rataye takobi bisa kansa da gashin wutsiyar doki guda ɗaya. Wannan ita ta fi kusa da tamu, sai dai ta fi karkata wajen hallaka. "Touch and go" ma'auni ne wanda bai rinjaya ko ina ba tukuna.

To, ga labarin da na yi alkawari. Cikin 1996 aka yi annobar sanƙarau wadda tsofaffinmu ba su manta ba. A Nijeriya kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. A lokacin nan Jangeru tana cikin Jihar Sakkwato, domin sai ran 1 ga Oktoba na shekaran nan aka yanke Zamfara. Ni kuwa ina saurayin malami a makarantar firamare, a unguwarmu ana ganin ba wanda ya kai ni Turanci, ni ma haka na ke gani.

Muna da maƙwabci, wani dattijo tela, sa'an mahaifina. Ɗansa na aji uku, yana cikin yaran da na ke koya wa. Wata rana da bazara, ana saura 'yan makonni Babbar Salla, yaron ya kwana da zazzaɓi. Da gari ya waye wuyansa ya sanƙare, yana amai, ba ya son ganin haske. Muka ɗauke shi zuwa wani asibiti, ni da uban da uwar. Muka tarar ɗakuna sun cika, majinyata har ƙarƙashin itatuwa, an rataye robobin ƙarin ruwa a rassa. Likitan da ya duba shi wani saurayi ne daga Kudu, ba ya jin Hausa, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Ya sa aka yi wa yaron allura. Sai uban ya ce mini, "Malam, tambaye shi, yaya ya gani?" Na tambaya. Likita ya dube ni ya ce, "Tell him it is touch and go. We shall know by morning."

Rabin maganar na ƙarshe na gane shi sarai, watau da safe za a sani. Rabin farko kuwa ban taɓa jinsa ba. Da na ce wa likita ban gane ba, da ya sake faɗi da sauƙin Turanci, ba zai ɗauke shi ko minti guda ba. Amma ga mutanen garinmu tsaye suna kallona, kowa ya san ni ne mai Turanci. Sai na gama kalmomin yadda akawun Ƙaura ya gama su. Abin ya kuwa yi kama da gaskiya, domin ma'aikata suna ta korar 'yan dubiya sabo da tsoron yaɗuwar cutar. Na juya na ce, "Baba, ya ce ku taɓa shi ku tafi, da safe a komo."

Dattijon nan ya durƙusa ya ɗora hannu a goshin ɗansa, ya yi masa addu'a, ya miƙe. Na ga fuskarsa ta saki, domin a ganinsa likita ba zai sallami uba ba in abin ya yi tsanani. Uwar ce ta ce ita ba inda za ta, ko za a doke ta. Muka bar ta nan muka komo gida. Da na wuce ƙofar shagonsa bayan la'asar na ji kekensa yana ta aiki, ya koma kan ɗinkin Salla.

Ni kuwa raina bai kwanta ba, domin fuskar likitan nan ba ta yi kama da ta mai sallama ba. Bayan lisha na kunna fitila na buɗe ƙamus. Na duba ƙarƙashin "touch", na bi da yatsa har na iske ta. Da na karanta ma'anar sai na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Na zauna ina shawara da zuciyata. Ta ce mini in yi shiru, in yaron ya tashi ba wanda zai san na yi kuskure. Na ce, in kuwa bai tashi ba fa? Uba yana nan yana ɗinki, ɗansa ya cika ba ya kusa, a kan maganata. Na tashi na buga masa ƙofa. Na ce, "Baba, na yi maka mugun tafinta. Abin da likita ya ce, yaron nan yana tsakanin rai da mutuwa, daren nan ne za a san inda ya nufa."

Bai ce mini kome ba. Ya shiga ya fito da kekensa na hawa, ni ma na ɗauko nawa. A zamanin nan ana tafiyar dare ba fargaba. Muka isa muka tarad da uwar zaune ta riƙe ƙafafun yaron, jikinsa yana ta karkarwa. Uban ya zauna wajen kansa, ya yi ta karatu a hankali har aka kira assalatu. Da hantsi yaron ya buɗe ido ya nemi ruwa. Ya tashi, amma kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Yau shi ke riƙe da shagon uban, yana da 'ya'yansa.

Bayan kwana biyu na je ba dattijon haƙuri. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, ai ya wuce, Allah ya rufa mana asiri ni da kai. Amma da ka ce mini ba ka gane ba, da ban ga laifinka ba ko kaɗan." Ya rasu shekarun baya, Allah ya ji ƙansa. Na yi karatu a hannun malamai da yawa, ban sami darasin da ya zauna mini kamar wannan ba.

Tun da maganar sanƙarau ta shigo, bari in ɗan tsaya a kanta, domin ba ta bar mu ba. Cikin watan Disamba na 2016 ta sake ɓullowa a ƙasar Zurmi, ta bazu, kafin tsakiyar 2017 an lissafta mutum fiye da 14,000 da a ke zato sun kamu a Nijeriya, fiye da 1,000 suka rasu. Allurar rigakafin da aka fara yi a nan cikin 2011 tana tsare iri ɗaya ne na ƙwayar cutar, wanda likitoci ke kira A, na 2017 kuwa irin C ne. Cikin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara yin sabuwar allura mai tsare iri 5. Cutan nan tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, waɗanda suka tashi kuma da yawa ta kan bar su da kurumta ko wata naƙasa. Sabo da haka in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai wuyansa ya ƙage, kada a jira gobe. Jinkirin sa'o'i kaɗan shi ke mai da ciwon da magani zai iya ya zama "touch and go".

Jama'a, akawuna da malamai da duk wanda Allah ya sa ya zama bakin waɗansu a asibiti ko kotu ko ofis, ga abin da na ke roƙonku. In kun ji kalmomin da kun san ko wace ɗaya, amma da kuka gama su ma'anar ta fito bambaraƙwai, ku yi zaton karin magana ne, ku dakata. Ku dubi fuskar mai maganar, in ba ta dace da fassararku ba, fassarar ce ke da aibi. Sa'an nan ku tambaya. Cewa "Please, what do you mean?" ba ta rage wa kowa daraja, matambayi kuwa ba ya ɓata. Su kuma 'ya'yanmu da suka yi karatu suka zama likitoci da ma'aikata, ina roƙonsu in suna magana da dangin majinyaci su ajiye adon Turanci su faɗi abu a fili, da Hausa in sun iya.

Kada kuma mu ɗauka Turanci kaɗai ke da wannan tarko. Ku gwada juya "ya sha da ƙyar" kalma kalma ga baƙo, zai zaci maƙogwaron mutumin ke ciwo. Mafi hatsari ma ita ce "da sauƙi". Bahaushe ko yana kan gargara, in ka ce masa yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Mu mun san ladabi ne da tawakkali. Amma tafintan da ya gaya wa likita baƙo cewa majinyaci ya ce ya sami sauƙi, alhali ciwon ƙaruwa ya yi, ya yi irin kuskurena ne ta ɗaya gefen.

Malam akawu, ka ji amsarka. Ka sayi goro ka kai wa abokinka, ka gode masa, ka kuma roƙe shi nan gaba in zai yi maka gargaɗi a kan hanya ya faɗa maka ɓaro-ɓaro. Ina kuma roƙon manyan malamai masu karanta jaridan nan, musamman na Sakkwato da Katsina, in akwai wanda ya san wata Hausa guda ɗaya da ta ɗauke "touch and go" gaba ɗayanta, ta majinyaci da ta matafiyi da ta manomi, ya rubuto wa Edita mu ƙaru, domin ni sai da na tara uku ko huɗu kafin na kewaye ta. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan takardar neman aiki.

Allah ya kiyaye matafiya, ya ba majinyata lafiya, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wasalamu.

Naku,
Tsohon Malami,
Jangeru.